Tabon Mai a Bangon Ɗakinki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata. Ina gaishe ki da gajiyar hanya. Ina gaida mijinki da mahaifiyarsa da duk mutanen gidanku na Bawku. Allah da ya fitar da ke daga Salaga lafiya ya tsare ki a inda ya sauke ki, ya tsare abin da kike ɗauke da shi, ya raba ku da sharrin dare da na rana.

Kada ki nemi labarin gida a takardar nan, babu shi. Kuma kada ki yi wa rubutuna dariya, rabona da riƙe biro tun kina goye, hannun ya fi sanin ludayin koko. Na rubuto ne don na gwada faɗa da baki na kasa. Tun da kika tafi shekaranjiya sau uku ina kiranki a waya. Na ce kun sauka lafiya, kika ce lafiya lau, Mma. Na ce ya jikin, kika ce alhamdu lillahi. Daga nan muka kashe. Har mijinki na kira yau da safe, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na ce ya kai ki asibiti. Ya ce, “Mma, na tambaye ta, ta ce ba komai, nauyin ciki ne kawai.” Na san haka za ki ce, don ni na koya miki.

Jiya na shiga share ɗakin da kika zauna cikinsa wata huɗun nan. Da na janye katifa sai na ga tabon man kitso a jikin bango, zagaye, daidai inda ƙeyar mutum take kaiwa idan yana zaune a kan katifa ya jingina. Tabon ya yi duhu, ba na kwana biyu ba ne. A ƙarƙashin gado na tsinci takalminki na salla wanda kike ji da shi, kin bar shi kin tafi da silifas ɗin ƙanenki. Zoben aurenki kuma yana cikin gwangwanin allura. Na zauna a ƙasa da tsintsiya a hannu. Ba a kwance kike barci ba, a zaune kike kwana. Ƙafarki ta fi ƙarfin takalmi, yatsanki ya fi ƙarfin zobe. Na san wannan tabon, don na bar irinsa a bangon wani ɗaki a Yendi shekara ashirin da shida da suka wuce.

Duniya ta san ke ce 'yar farina. Shi ya sa ban taɓa kiran sunanki ba, sai dai ke, sai yarinyar nan. Shi ya sa ban taɓa zama bakin gadonki ba, kuma ko da cikinki ya fito na yi kamar ban gani ba, kamar yadda uwar kirki take yi wa ɗan fari. To ba ke ce ta fari ba. Akwai wani a gabanki, namiji, bai zo da rai ba. Marigayi babanki ya tafi kabari bai gaya miki ba, ni ma da niyyata ke nan. Yanzu zan gaya miki yadda na rasa shi, ki ji inda na yi wauta, kada ki bi sawuna.

An kai ni Yendi ina sabuwar amarya, gidan kakarki Iya Azara, mahaifiyar babanki. Babanki a lokacin yana sayen hatsi a kasuwar Saboba, sai ya yi kwana huɗu biyar bai kwana gida ba. Da ciki ya shiga, wautata ta farko ita ce ɓoye shi. Nakan ɗaure zani tam a ƙugu har ya bar mini shata, na kwana da shi a haka, wai kada cikin ya fito da wuri a ce amarya ba ta da kunya. Tabarma da siririyar katifa nake kwana a kai. Da cikin ya kai wata shida, idan na kwanta rigingine sai jiri ya ɗebe ni, numfashi ya tsaya mini a maƙogwaro. Idan na juya gefe ƙugu ya ɗauki ciwo, kafaɗa ta mutu. Na juya dama, na juya hagu, har asuba. A ɗakin Iya Azara akwai matasai jibge a kan gado har sun kusa taɓa rufi, na ado ne, ba mai kwana a kansu. Kullum nakan gan su idan na kai mata ruwan alwala. Ban taɓa buɗe baki na roƙi guda ɗaya ba, don idan na roƙa na faɗa mata ina da ciki ke nan, alhali matar nan ta haifi tara, tun kafin ni in sani ta sani.

Ke kada ki yi haka. Ki sassauta zani, ki kwana da riga mai faɗi. Ki kwanta a gefe, musamman na hagu, ki lanƙwasa gwiwa, ki sa matashi tsakanin ƙafafunki, wani a ƙarƙashin cikin, wani a bayanki don kada ki mirgina rigingine cikin barci. Dogon matashin da ke tare da takardar nan da audugar rimi na cika shi, daren jiya na ɗinka. Ɗinkin ya karkace, na sani, ba don ado na yi ba. Idan bai isa ba ki nemi ƙari wurin surukarki. Mace ce, ta ɗauki ciki, ba za ta ce kin yi rashin kunya ba. Idan ma ta ce, bari ta ce.

Wauta ta biyu ita ce ƙwannafi. A gidan Iya Azara ba a cin tuwon dare sai bayan isha'i, kuma amarya ce ta ƙarshen ci, bayan ta raba wa kowa. Nakan cika ciki da tuwo da miyar kuka mai yaji, na wanke kwanuka, na kwanta nan take. Kafin tsakar dare wuta ta taso daga ƙirji zuwa wuya, ruwa mai ɗaci ya cika mini baki. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce in jiƙa kanwa in riƙa sha. Na jiƙa a kwanon sha na ajiye a kan taga, duk dare sai na kurɓa sau biyu sau uku. Yana kwantar da wutar, gaskiya, na ɗan lokaci. Sai daga baya nas ta ce mini gishiri na yi ta ɗura wa jikin da ya riga ya kumbura. Na ga kina lasar kanwa a kicin ranar Juma'ar da ta wuce, kin ɗauka ban gani ba. Na gani, na juya baya na ci gaba da tace gasara, Allah ya yafe mini. Ki zubar da ita. Ki ci abincinki tun da sauran rana, kaɗan kaɗan, ki rage yaji da mai, ki ɗan zaga tsakar gida kafin ki kwanta. Idan ƙwannafin ya ƙi, ki faɗa a wurin awo, suna da abin da suke bayarwa.

Waɗannan biyun wahala ce kawai, kowace mai ciki ta san su. Da fitsarin da ke tayar da mutum sau biyar, da jijiyar ƙafa da ke ɗaurewa cikin dare har ki ciji zani, da zafin watan bazara da ke sa katifa ta jiƙe. Duk wannan ana haƙuri da shi ya wuce. Na ukun ne ba a haƙuri da shi, kuma ni haƙurin na yi.

Da na shiga wata na takwas kwanciya ta gagare ni gaba ɗaya. Ko ta wane gefe na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini buhun masara a ƙirji. Sai na koma kwana a zaune, na jingina ƙeya da bango, ƙafafu a miƙe. Kaina yana sara daga goshi har wuya, irin ciwon da ba ya jin barci ba ya jin magani. Da safe fuskata ta cika, idanuna su ƙanƙance. Idan na duƙa hura wuta sai in ga wasu ƙyalli suna yawo a gabana. Ƙarƙashin haƙarƙarina na dama yana suka. Ƙafa kuwa idan na danna da yatsa sai ramin ya zauna. Matan gida suka ce ai namiji ne, namiji ne ke kumbura uwa, suna ta yi mini tsiya ina rufe fuska ina murmushi. Har daɗi nake ji, ki ji wauta.

Mutum ɗaya ce ta faɗa mini gaskiya, maƙwabciyarmu Sanatu, 'yar ƙabilar Dagomba, mai sayar da man kaɗe. Ta tare ni a bakin famfo, ta kama hannuna ta juya shi, ta ce da Hausarta ta Yendi, “Amarya, wannan ba kumburi na ciki ba ne. Fuska naka ya cika, hannu naka ya cika. Kana barci?”

Na ce, “Ina yi.”

Ta ce, “Ƙarya. Ɗaki na yana jikin ɗaki naka, ina jin ka har asuba. Gobe ka zo mu tafi asibiti, ni zan kai ka.”

Na ce to. Da gari ya waye na ɓuya a bayan rumbu har ta gaji da sallama ta tafi. Ina tsoron a ce amaryar gidan Iya Azara ta kai ƙarar ciki wurin bare. Sau ɗaya tak na taɓa zuwa awo, katin yana ƙasan akwati. Ita kanta Iya Azara ta tambaye ni, ba zan ɗora mata laifin da ba nata ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakina wata safiya, ta daɗe tana kallona, ta ce, “Amarya, kin kwana lafiya kuwa?” Na durƙusa har ƙasa, da ƙyar, na ce, “Lafiya lau, Iya.” Ta ce madalla, ta wuce. Ita kunya ta hana ta matsawa, ni kunya ta hana ni faɗa, muka rabu kowa yana ganin ya yi ladabi.

Yaron nan mai motsi ne. Da zarar dare ya raba sai ya fara, ya tokare ni a haƙarƙari, ya yi shuri a mara. Nakan dafa cikin in ce masa don Allah ka bar ni in runtsa. Har zaginsa na taɓa yi, a hankali, don kada a ji. Sai wani dare, babanki yana Saboba, na jingina da bango kamar kullum, na jira shi ya fara. Bai fara ba. Na ce yau ya ji tausayina. Barci ya ɗauke ni, mai nauyi, mai daɗi, irin wanda rabona da shi wata uku. Ban ji kiran salla ba, sai da rana ta shigo ta taga na farka. Na yi hamdala. Na fito ina fara'a na dama koko, har Iya Azara ta ce yau Amarya ta warware. Dare na biyu ma shiru, na sake yin barci. Ban gaya wa kowa ba, ban ma kawo komai a raina ba, ko kuma na kawo na ture. Barci mafi daɗi da na yi a cikin nan, ɗana yana mace a cikina na yi shi.

A rana ta uku ina daka a tsakar gida na faɗi. Ban san abin da ya faru ba, gaya mini aka yi. An ce jikina ya sandare, ina kakkafewa, na ciji harshena har jini. Matan gida suka ce iska ce, aka kawo garwashi ana mini hayaƙi, ana tofi. Sanatu ce ta shigo ta ture kaskon da ƙafa, ta fita titi ba ɗankwali ta tsayar da mota. Na farka a asibiti bayan kwana biyu, cikina a sake, harshena a kumbure. Babanki yana zaune a gefe, kansa a ƙasa, ƙasar maƙabarta ba ta gama fita daga farcensa ba. Nas ɗin, wata dattijuwa, ta ce hawan jini ne na masu ciki, ya daɗe yana ba ni alama. Ta ce, “Da kin zo mako biyu da suka wuce, da wataƙila kin koma gida da ɗanki. Wa kika gaya wa ba kya iya kwanciya?” Na ce ba kowa. Ta dube ni, ta wuce gado na gaba.

Ban ga fuskarsa ba, ban san kabarinsa ba, ba a raɗa masa suna ba. Mutane suka zo suka ce ƙaddara ce, kuma na yarda da ƙaddara, Allah ne mai rayawa da kashewa. Amma ni na san abin da na ce wa Iya Azara a bakin ƙofa. Da na dawo gida na ga tabon man kaina a bango, na sa toka da soso na goge har farar ƙasar ta ɓare, bai fita ba. Shekara biyu ina kwana da shi a bayana, har muka taso Salaga ina ɗauke da cikinki. Har yau idan na yi barci mai nauyi na farka, gabana faɗuwa yake kafin in tuna ina nake.

Saboda haka ki saurare ni da kyau. Ciwon kai da ba ya sauka, kumburin fuska da hannu, ƙyalli a ido, suka a ƙarƙashin haƙarƙari, numfashin da ke hana kwanciya, ko ɗaya daga ciki kika ji, ba na jira ba ne. Ba na hayaƙi ba ne, ba na jiƙo ba ne. A yi addu'a a kan hanyar asibiti. Kuma ki san motsin ɗanki, ki san lokacin da ya saba tashi. Idan ya hana ki barci ki gode wa Allah, kada ki zage shi kamar yadda na yi. Ranar da ya yi shiru ko ya rage, ki sha ruwa mai sanyi ki kwanta gefen hagu ki saurara. Idan bai amsa kamar yadda ya saba ba, ki ɗauki gyalenki ki fita a lokacin, ko tukunya na kan wuta.

Kin kuma san inda kike. Bawku ba Salaga ba ce, da za a buga wa maƙwabci ƙofa da tsakar dare ya fito da babur. Saboda rikicin garin, dokar hana fita ana sa ta a ɗage a sake sawa, kuma ko babu doka, direban kirki ba ya son fitowa bayan duhu. Mijinki yana bin kasuwar Garu da ta ƙetaren iyaka da hatsinsa, zai riƙa kwana a waje kamar yadda babanki ya yi. Don haka abin da kika ji da azahar kada ki ce bari mu ga dare. Ki tafi tun la'asar, gara su ce ba komai ki kwana a bencin asibiti. Ki haɗa jakarki tun yanzu ki rataye a bayan ƙofa, katin awo a sama. Ki karɓi lambar mai keke mai ƙafa uku na unguwarku, ku san juna. Ki nemi Sanatunki a cikin maƙwabta, ko wace ƙabila ce, ko wane addini take yi, mace mai baki wadda ba ta jin nauyin kowa. Idan ta zo kai ki asibiti kada ki ɓuya a bayan rumbu.

Wautata ta ƙarshe ita ce mafi muni, don ba ta yarinta ba ce, da furfura a kaina na yi ta. Wata huɗu kina ɗakin da ke jikin nawa. Ina tashi ƙarfe uku in hura wutar koko, ina jin gadonki yana ƙara, ina jin nishinki. Wani dare na zo har bakin labulenki na tsaya, hannuna a kansa. Na ce a raina yarinyar nan za ta ji kunya, na koma bakin murhu. Da safe na ce kin tashi lafiya, kika durƙusa kika ce lafiya lau, Mma, ni kuma na ce madalla. Kalmar Iya Azara ce ta fito daga bakina, na ji ta da kunnena. Da dangin mijinki suka aiko cewa ɗan fari a gidan uba ake haihuwarsa a wurinsu, ina da bakin cewa a bari a auna ki tukuna. Ban ce ba, don kada a ce uwa ta tsaya wa 'yar fari. Na tsaya daga nesa a tasha, fuskarki a cike, ina gani, na ce wa kaina ƙibar ciki ce. Ina jin haushin kaina, kuma ina jin tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba tun Yendi.

Malam Isifu direban motar doya zai tashi bayan la'asar, ya ce da hantsin gobe zai miƙa miki wannan hannu da hannu. Da kin karanta, kada ki naɗe ki sa a akwati ki ce sai mijinki ya dawo. Ki miƙa wa surukarki hannayenki ta gani, ki ce mata ba kya iya kwanciya, ku tafi asibiti a auna jininki kafin azahar. Idan nas ta tambaye ki, ki faɗi komai, har kanwar. Kalmar nan ta lafiya lau ki bar ta a gida.

Ni ma ina tafe. Zan shiga motar asuba zuwa Tamale, in bi ta Walewale, idan dare ya yi mini a hanya in kwana inda mota ta tsaya. Na san za a ce uwa ta bi 'yar fari har gidan miji, ba ta da ta ido. Su faɗa. Na yi kunya shekara ashirin da shida, abin da ta ba ni kabari ne da ban san inda yake ba. Zan shimfiɗa tabarmata a ɗakinki, in kin juya in ji, in kin zauna in tashi.

Allah ya sauke ki lafiya, ya ba ki barci, ya bar ɗan nan ya yi ta shurinki har ranar da za mu ji kukansa. Allah ya tsare hanyar da za ki bi zuwa asibiti, ya tsare wadda zan biyo, ya kwantar da hankalin garinku, ya jiƙan babanki da wanki da ba ki sani ba.

Ki tashi ki tafi, Rahinatu. Kin ji na kira ki. Rahinatu, 'yata, ki tashi yanzu.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
daga Salaga.